Kyamarorin da Ba Wanda Ya Taya

Shekarar da idon maigidansa ya fara dusashewa, wani mai ɗaukar hoto a Gusau ya shiga neman tsohuwar kyamara, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Maigidan nan shi ya koya masa sana'a, amma sa'ad da ya zo hannunsa zamanin fim ya riga ya wuce, kyamarar tsohon kuma yoyon wata damina ya cinye ta a shago. Saboda haka ya koyi komai ban da abu ɗaya: yadda ake ɗauka da fim, a wanke shi da hannu. Tsohon ya ce masa, "Samo ta in nuna maka tun ina ganin fuskarka. In na tafi da abin nan, a garin nan dai ya tafi ke nan."

Ba a samun irinta a kasuwa, sai a gwanjon intanet, inda mai kaya zai sa hotonta ya yanka wa'adi, wanda tayinsa ya fi tsoka sa'ad da wa'adin ya cika shi ke ɗauka. Mutumin nan kuwa ɗan dillalin shanu ne. A kara, kasuwar shanu, ya taso, inda in ka tarar da wani yana ciniki ba ka sa baki sai ya juya baya. Da wannan tarbiyya ya shiga. In ya ga wadda ta yi masa, sai ya taya tun ranar farko, ya faɗi iyakar ƙarfinsa, ya koma gefe kamar wanda ya riga ya riƙe igiyar sa. Sunansa zai yi kwanaki a sama, yana nuna wa abokai a waya, yana cewa ga tawa nan. Saura ƙiftawar ido a rufe, sai wani da bai taɓa cewa uffan ba ya ɗora ɗan kaɗan, ya wuce da ita. Karo na farko ya ce ba rabonsa ba ce. Na biyu ya ce rashin kunya ne. Da abin ya yi yawa ya gane cewa a wannan kasuwa ba mai ganin idon wani, balle a ji nauyinsa. Shi ma ya koyi laɓewa sai ƙarshe. Sai dai waɗanda yake karawa da su layinsu ba ya yankewa, nasa kuwa yakan tsaya yana juyi har a rufe. Matarsa in ta ga ya kife waya a hankali takan ce, "Maigida, yau ma an yi maka ƙwacen?" Ya ce, "An yi." Ya jawo kwanon tuwonsa.

Bai daina shiga ba, tayi ya daina. Ya koma kallo kawai, yadda ubansa kan zaga kara da hannu a baya kafin ya buɗe baki. A nan ya lura duk rububin a kan masu ƙyalli ake yi, waɗanda aka ce suna aiki. Can ƙasa akwai waɗanda masu su da kansu suka ce sun mutu: wannan idonta ya yi fumfuna, waccan marufin haskenta ya cije, wata madubinta ya tsage. Wa'adinsu kan cika ba wanda ya ko waiwaye su. Ya je ya karanta wa tsohon cututtukansu ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ai ba ciwo ɗaya ya kashe su ba." Mai hoton ya taya uku masu ƙira ɗaya, ba wanda ya ɗora masa ko sisi.

Kafin su iso, tare da fim da ruwan wanki, ta hannun wani ɗan garinsu mai dawowa daga waje, idon tsohon ya gama rufewa. Mai hoton ya ajiye kwalin a gabansa, ya ce, "Baba, na makara." Tsohon ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya dinga lalube yana faɗin inda kowace kusa take, ɗayan yana kwancewa. Suka ciro ido daga wannan, madubi daga waccan, suka sa wa ta ukun. Sun jima a kai, suna haɗawa suna wargazawa. Ran da aka danna ta yi ƙara, tsohon ya kai ta kunne ya ce tana da nawa wajen rufewa, a sake goge cikinta. Aka sake, har sautin ya gamsar da shi.

Da suka cika naɗin farko da hotuna, suka shiga ɗakin wanki, aka toshe taga da ƙasan ƙofa, don fim ba ya jure ko ɗigon haske. Mai hoton ya tsaya cikin duhu bai san inda yatsunsa suke ba, fim ɗin yana ta zame masa yana nannaɗewa. Sai ya ji hannun tsohon ya kama nasa.

"A nan ni da kai duk ɗaya ne," in ji tsohon. "Kama gefe, kada ka taɓa tsakiya. Yauwa. Naɗa."

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai nema yana tare da samu.