Hular Kwanon Auta

Wallahi ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba, amma akwai ranar da Injiniya ya durƙusa a gaban jama'a yana kuka da majina.

Injiniyan nan bai taɓa gama makaranta ba. A shekara ta biyu ya baro jami'a, wai malaman ba sa gane shi. Sunan dai ya biyo shi gida ya zauna. Amma a fagen tsokana ba a haifi na biyunsa ba. Shi ne ya taɓa sa duk layinsu suka fito da bokitai tarar motar ruwan da ba ta taɓa tasowa ba.

Ƙanwarsa Auta ce ta yi karatun da gaske. Ta gama, ta yi shekaru tana aiki a ƙarƙashin wani injiniya mai lasisi. Ita ke zana gini, ita ke shan rana a wurin aiki, amma hatimin ogan ake bugawa a kan zanen. Jarrabawar baka kawai ta rage mata a gaban kwamitin hukumar injiniyoyi, kuma sau ɗaya ake zamanta a shekara. In ta samu lasisi, an yi mata alkawarin riƙe aikin wata gada. In ta rasa, a ba wani.

Ana gobe jarrabawar ta ce masa, "Yaya, da na karɓi hatimina ka sauke sunan nan. Injiniya ɗaya ya ishi gidan nan."

Ya yi dariya, amma maganar ta soke shi. Da yamma ya aro waya, ya raɓe bayan tagar Inna, inda tsohon keken ɗinkinta ke ta ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Ya ce a ransa ƙarar za ta hana a jiyo shi daga ɗakin Auta. Ya toshe hanci, ya kumbura murya.

"Daga hukuma ne. An ɗage zamanki zuwa wata mai zuwa."

Ta ce, "To, na gode, ranka ya daɗe."

Niyyarsa ya bar ta ta ɗan ji jiki, kafin a kwanta ya fasa ƙwan. Sai abokai suka ja shi kallon ƙwallo.

Da ya farka, rana ta shigo har kan katifarsa. Ɗakin Auta da kwaɗo. Ƙusar da take rataye farar hular kwanonta ba komai.

"Inna, ina Auta?"

"Ta fita." Ko ɗago kai ba ta yi daga kan keken ba.

Ya kira wayarta, a kashe. Ya sake, a kashe. Ya hau babur zuwa wurin ginin da take dubawa, magina suka ce yau ba su ga ƙeyarta ba. Ya fara saƙe-saƙe. Lallai ta wuce duba filin gadar, can bayan gari inda waya ba ta shiga. Ko jirgi ya hau ba zai dawo da ita a kan lokaci ba.

Mutumin da bai taɓa rasa dabara ba ya tsaya a bakin titi, ya laluba kansa, bai samu ko ɗaya ba.

Ya nufi ofishin hukumar. Doguwar baranda, benci-benci, matasa sun rungume naɗaɗɗun zane suna motsa baki. Ƙofar kwamiti a rufe. Kusa da ita wani dattijo mai tabarau yana zaune, waya a hannu, duk wanda ya wuce sai ya rusuna ya gaishe shi. Injiniya ya ce a ransa wannan ne babbansu. Ya zube a gabansa.

"Baba, ku taimaka! Ƙanwata ba ta da laifi. Ni na kira ta, na ce an ɗage."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Kai wane ne?"

"Injiniya ake ce mini."

"Lambar lasisinka?"

"Ba ni da shi, Baba. Ban ma gama ba."

"Ɗaga murya, ɗana, kunnena ya yi nauyi." Ya ɗan gyara riƙon wayarsa.

Ya ɗaga. Matasan suka juyo suna kallo. Ya faɗi yadda ya aro waya, yadda ya toshe hanci. Ya faɗi yadda yarinyar ta ƙone a rana shekara da shekaru, sunanta bai hau kan ko zane ɗaya ba. A nan hawayen suka ɓalle, na gaske kuwa.

"In an saurare ta, me za ka yi?"

"Komai! Na sauke sunan daga yau. Zan riƙa ɗaukar mata hula da sandar awo, ina binta a baya, har a gama gadar. Kowa shaida ne!"

Dattijon ya gyaɗa kai, ya danna wayarsa, ya jefa ta aljihu.

Ƙofar kwamiti ta buɗe. Auta ce ta fito, fuska cike da fara'a, wani daga ciki yana cewa, "Barka, Injiniya." Ta rusuna wa dattijon, ashe ogan nata ne, ba ɗan kwamiti ba. "Oga, bidiyon ya ɗauku?" Ya ce, "Har majinar." Ta juyo ta kifa wa yayanta hular kwano a ka, ta loda masa zanen a hannu.

"Tashi mu tafi, ɗan dako. In za ka sake zama hukuma, ka matsa daga keken Inna, har ita ta jiyo ka."