Mai Tarbar Dije

"Inna, doka ta hana mu ɗaukar mata," in ji ɗan kabu-kabun, ya ja babur ɗinsa.

Dije ta gyara niƙabinta, ta sake ɗaga hannu. Tun hantsi ta sauka a filin jirgin Gusau, bayan shekaru tana aikatau a Jidda. Ɗanta Kamalu da ta yi wa wahalar karatu ya yi alkawarin tarbarta, bai zo ba. Motar mata zalla ta wuce a cike. Jirgin ƙasan da zai kai ta gida Ƙaura kuwa ba kullum yake tashi ba.

Can wani dattijo mai tsohon babur ya tsaya. "Hau, baiwar Allah, in kai ki tasha. Rana ta yi miki yawa."

Suna hango tashar jirgin, wasu samari masu sa ido kan dokar suka tare su. Aka sauke dattijon, aka kwantar, aka shiga zuba masa bulala. Dije na kallo jirgin ya yi kuka, ya ja taragunsa ya tafi.

Shugaban samarin ya juyo kanta, yana kauda ido. "Ke kuma tsohuwa, ba ki jin kunya? Da kina da ɗa na kirki, da bai bar ki bisa babur ɗin ƙato ba!"

Dije ta ɗage niƙabin a hankali.

"Gaskiyarka, Kamalu," ta ce. "Tun hantsi nike jiran ka."