Rakodar Maigidana

"Inna, rakodar nan ta tsufa," in ji mai gyaran rediyo a kasuwar Birnin Gwari. "An daina kawo wayarta, ba zan iya tura miki abin da ke ciki a waya ba. Na sa mata batir, ki saurara kafin ta mutu."

Tsufan nan nata ne ya bar min ita. Ranar da 'yan bindiga suka kashe maigidana a gonarsa ta hanyar Gwaska, sun tafi da babur da wayarsa, ita kuwa suka yar.

Muryarsa nake nema, don ta fara ɓace min. Na san karatun malamai yake ɗauka, na ce ko amin ɗinsa na ji.

Na kunna, sai na ji kaina ina waƙar daka. Na danna gaba, ni ce ina faɗa da awaki.

A ta ƙarshe na ji na ce, "Malam, me kake ɓoyewa a aljihu?"

Ya ce, "Goro ne."

Iyakar muryarsa ke nan a ciki. Ita ma ƙarya ya yi min.