Kututturen Gidan Surukai

Ƙarfe tara na safiyar Lahadi mai keken haya ya sauke Limbani a gaban gida mai shuɗiyar ƙofa, bayan injin niƙa, daidai yadda budurwarsa Tiyamike ta kwatanta masa. Tun asuba ya baro birnin Lilongwe, sanye da farar riga da baƙin wando, rungume da kwalin sukari da sabulu da turmin zane. Yau ne zai fara gaida iyayenta. Ta riga ta ja masa kunne cewa mahaifinta ba ya ganin samarin birni da gashi, a cewarsa hannunsu biro kawai ya sani. Limbani kuwa akawu ne, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba.

Ƙofar a kulle take. Amma can gefen fili ga wani dattijo tsaye da sanda, yana hararar wani ƙaton kututturen ɓaure, kare ɗaure a gindin mangwaro yana ta yi masa haushi.

Limbani ya ajiye kaya, ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata suruki ya yi.

"Baba, ina kwananku? Ni ne Limbani, na wajen Tiyamike."

Dattijon ya dube shi tun daga takalmi har kai, a hankali fuskarsa ta washe.

"Kai ne? Madalla. Duk sun tafi coci, sai azahar. Yarinyar kirki, a gaban idona ta girma." Ya ƙwanƙwasa kututturen da sanda. "Ka ga wannan? Shekara goma sha ɗaya yana hana ni barci. Da ina da ƙarfi irin naku na yara... amma ku 'yan birni, ina!"

Limbani ya ji kamar an soke shi da tsinke. Kafin dattijon ya rufe baki ya tuɓe riga ya rataye a reshe.

Nan da nan tsoho ya zaga bayan shingen rogo, ya dawo da diga da gatari da shebur. Ya ce karen kada a kula shi, halin gidan ya kwaso.

Saran farko, gatarin ya yi tsalle ya dawo, saura ƙiris ya raba shi da yatsan ƙafa. Sara na goma, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya koma haƙa. Saiwoyin ɓauren sun bazu ko'ina, kowace kamar cinyar mutum, yana yanke ɗaya biyu na leƙowa. Da ya kai gwiwa cikin rami sai ya faɗa gidan cinnaku. Suka bi ta ƙafar wando suka hau sama, ya fito yana rawar da bai taɓa koya ba, wandon ya ce ɓarrr daga baya.

"Haka ake so!" in ji tsohon. "Namiji! Amma ka ɗan ɗaga hannu, ɗana, rana na yi."

Jifa-jifa yakan leƙa hanyar coci, ya dawo ya ƙara masa kirari. Limbani ya fahimta sarai: so yake mutanen gida su dawo su tarar da aiki a gama, ya nuna musu irin surukin da ya samu. Wannan tunani ya fi masa kunun gero mai sanyi da tsohon ya kawo masa a kwano daɗi.

Sha biyu ta gota, kututture na girgiza amma ya ƙi fita. Tsoho ya sake zagawa bayan rogo, ya koro shanun noma biyu da sarƙa. Aka ɗaura, aka yi musu tsawa. Ƙasa ta yi ƙara, kututturen ya tumɓuke, Limbani ya faɗa ramin da baya.

Bai gama karkaɗe jiki ba tsohon ya sa shanu suka ja kututturen har bakin kwari, suka tunkuɗa shi ƙasa. Sannan ya ce a cike ramin, a daddaɓe, a share da tsintsiya, a watsa busasshen ganye a kai.

"Kada a bar ko alama. Aikin kirki ke nan."

Limbani ya yi duka. Da ya ja baya ya duba, shi kansa ba zai iya nuna inda kututturen yake da safe ba. Tsohon ya kama hannunsa mai ciwo da hannu biyu, idonsa har da ƙwalla.

"Abin da ka yi mini yau, 'ya'yan cikina ba su yi mini ba."

Ya kora shanunsa ya tafi ba su ruwa.

Ba a jima ba waƙar coci ta ɓullo daga kan hanya. Limbani ya mayar da riga, ya saki bayanta don ta rufe yagar wando, ya tsaya yana murmushi, tafukan hannunsa a buɗe yadda kowa zai gani.

Tiyamike ce a gaba. Ta gan shi ta yi dariya, sannan idonta ya sauka gefen fili, dariyar ta ɗauke. Wani dogon mutum mai kwat da ke bayanta ya saki littafin waƙoƙinsa, littafin ya faɗi ƙasa. Ya taka zuwa wurin, ya zaga sau biyu yana shara ganye da ƙafa, daga nan ya zauna daɓas a ƙasa da kayan cocinsa.

"Limbani," ta ce, muryarta can ƙasa, "ina kututturen?"

"Yana cikin kwari," ya amsa yana ɗaga kafaɗa. "Baba ya ce ya dame shi, na cire masa."

Ya nuna bayan shingen rogo, inda tsohon ke zaune a inuwa yana ɗago musu sanda da fara'a.

Tiyamike ta ɗora hannu biyu a ka.

"Babana ga shi nan zaune a ƙasa! Wancan Mbewe ne, maƙwabcinmu, shekara goma sha ɗaya suna shari'ar iyakar fili da Baba, gobe dagaci zai zo ya raba gardama, kuma kututturen nan shi kaɗai ne shaidarmu."