Ruwan Gwaggo Hadiza

Ranar da aka naɗa Bahago mai unguwa a Ƙofar Gayan, ya gaji rawanin ubansa, ya gaji zaurensa, ya kuma gaji wata 'yar taga a bangon zauren wadda ke leƙa cikin gida.

Marigayi ba ya yanke hukunci sai ya ce a kawo ruwa. Sai hannun yayarsa, Gwaggo Hadiza, ya ɓullo ta tagar, wani lokaci da moɗa, wani lokaci da kofin silba. Bahago ya ɗauka wannan salon ƙasaita ne, shi ma ya ɗora.

Amma shi mutum ne mai zargin ko inuwarsa. Me ke ajiye tsohuwa a gindin bango tun hantsi, ta kasa kunne? Ga shi ita ta goyi Lawal, ɗan baffansa, wanda suka nemi rawanin tare. Ran nan ana rigimar makwararar ruwa, ta miƙo moɗa. Da ta ji ya fara ba mai ƙara gaskiya, sai ta yi tari, ta sake turo moɗar. Lalle an yi barbaɗe a ruwan nan!

Kashegari ya sa magini ya toshe tagar, ya koma shan ruwan leda.

"Ka yi shawara kuwa, ɗan nan?" in ji Gwaggo.

"Mulki ba na mata ba ne, Gwaggo."

Ta ci gaba da tsinar wake.

Shari'ar makwarara ta koma gaban hakimi, aka rushe hukuncinsa. Ta iyakar kango ma haka. Hakimi ya ja masa kunne: in aka yi ta uku, rawani zai sauya kai. Bahago ya ƙara tabbatarwa makirci ne. Ba a yi wata biyu ba aka yi ta ukun, rawani ya koma kan Lawal.

Aikin farko da Lawal ya yi shi ne fasa tagar. Bahago na rakuɓe cikin jama'a, ya ga an saurari ƙara, an nemi ruwa, kofin silba ya ɓullo. Lawal ya dubi kofin, ko kurɓa bai yi ba, ya ba mai ƙara gaskiya. Zaure ya ɗauki kabbara.

Liman ya sunkuyo kunnen Bahago. "Silba, mai ƙara ke da gaskiya, moɗa, wanda ake ƙara. Ai shekara talatin da uku ke nan Hadiza ce mai unguwar nan, ubanka rawani kawai yake ɗaukar mata."