Wanda Ya Zaɓi Baƙar Na'ura

Injiniya yana cikin goge tabarau da gefen riga aka shigo masa da labarin: kamfanin da ke ƙera ƙananan na'urorin ɗakunan kwamfuta na jami'ar ya daina yin su. Ba sababbi, ba kayan gyara.

Na'urorin ba su fi girman littafi ba. A bayan allon kwamfuta ake maƙala su, ba su da wata ƙwaƙwalwa ta kansu, komai daga uwar na'ura da ke ɗakin sanyi suke jawowa. A kansu ɗalibai ke rubuta jarrabawa. Injiniya yakan ce wa matarsa shi ya sa jininsa ya haɗu da su: shi ma kansa fayau yake, abin da wasu suka sani yake jawowa ya faɗa da murya mai kauri. Takan yi dariya, a zatonta wasa yake.

Riƙon ƙwarya yake yi wa shugabancin sashen kwamfuta, kuma magatakarda ya nuna masa a fakaice cewa tabbatar da shi a kujerar ya rataya a kan zaɓen na'urar da za ta maye gurbinsu. A tarukan takwarorinsa na sauran jami'o'i kuwa ana ganin girmansa, saboda furfura da ƙarancin magana. Shi kaɗai ya san tsoron tambaya ne ke rufe masa baki.

Dillalai suka yi ta aiko da samfuri: fara, baƙa, mai ruwan toka, da wata mai fitila shuɗiya. Ya jona kowace, ya danna nan ya danna can, ya karanta bayanansu har idanunsa suka yi ja. Duk wadda ya karanta nata a ƙarshe ita ce ta fi. Da abin ya ishe shi, ya sa aka mayar da su sito, baƙar kawai ta rage a kan teburinsa.

A tsakanin nan baƙi ba su yanke ba. Har wani takwaransa dogo, daga jami'ar da ke bakin teku, ya biyo gaisuwa. Suka yi hirar ƙwallo da ciwon baya, ba wanda ya ta da zancen na'ura. Injiniya ya raka shi bakin mota yana hamdala a zuci.

Jarrabawa ta matso. Magatakarda ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a. Sai Injiniya ya koma ga dabarar da ta kawo shi inda yake: ya shiga buga wa takwarorinsa waya da sunan zumunci. Sai an gama tambayar iyali, ya jefa tambayar wace na'ura suka saya kamar bai damu ba.

Na farko ya ce baƙar suka saya. Na biyu ma haka. Na ukun har ya rage murya.

"Wani babban masani ne ya gwada su duka, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kanta. Mu wa muke da za mu ja?"

Injiniya ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Akwai ɗan abin da ya lura da shi game da baƙar, amma bai ga matsayinsa na yin musu da masani ba, sai ya haɗiye. A gaban kwamiti ya gyara zama, ya ce masana sun riga sun yi bincike mai zurfi. Aka amince nan take, magatakarda har da miƙa masa hannu.

Ranar jarrabawar farko ɗakin ya cika maƙil. Rubutu ya yi nisa sai alluna suka fara mutuwa, layi bayan layi. Wanda ya taɓa bayan allonsa sai ya janye hannu yana yarfewa. Na'urorin sun ɗauki zafi sun kashe kansu, sun tafi da amsoshin ɗalibai.

Cikin waɗanda suka fito har da 'yarsa ta fari. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya a ƙofar ofishinsa.

"Baba, ƙawayena suna tambaya wai wa ya zaɓo waɗannan abubuwan. Na ce ban sani ba."

Wannan ya fi takardar tuhumar magatakarda yi masa ciwo. Ya rantse sai ya gano masanin nan, ko ya ba shi mafita, ko ya ji ta bakinsa yadda aka yi ya jefa jami'o'i cikin wannan masifa. Har ya tsara kalaman da zai gaya masa, masu zafi, irin waɗanda bai taɓa iya gaya wa kowa ba.

Ya sake bin waya. Na ukun ya ce daga na biyu ya ji. Na biyu ya ce wata shugabar sashe ce ta gaya masa a taro. Ita kuma ta tura shi wurin dogon nan na bakin teku, wanda nasu ɗakunan ma suka mutu a makon.

"Sunansa kawai nake so," in ji Injiniya. "Wane ne shi?"

Dogon ya amsa da mamaki.

"Yallaɓai, zolaya ce ko? Ranar da na zo gaishe ka, na tarar ka kwashe sauran duka, ita kaɗai ka bari a kunne a gabanka. Mutum irinka ba sai ya yi magana ba. Ina fita na sanar da 'yan'uwa."

Injiniya ya sauke wayar a hankali, ya dubi baƙar na'urar da ke kan teburinsa, wadda tun ranar farko ya hana a mayar da ita sito saboda ita kaɗai ce zafinta ke hana kofin shayinsa hucewa.