Sukurun da Baba Kunne Ya Murɗa

Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe aka shigo da tsohuwar motar gareji, tana tari tana tofar da baƙin hayaƙi. Ta haura shekara hamsin, mai ita kuwa lallaɓa ta yake kamar ƙwai.

Mai gareji ya riga ya gaya wa Baba Kunne, shugaban makanikai, cewa gyara da saurare ya tsufa. Ya nemo wanda ke saita inji da kwamfuta, kuma in wannan motar ta gagari Baba, to ya sauka daga bencinsa. Baba tsaki kawai ya ja. Shi da ya shekara talatin yana gano ciwon inji da kunne, wani ɗan boko da salansar mota ba ta taɓa ƙona wa yatsa ba ne zai ture shi?

Ya ɗaga bonet. Mai motar ya fara bayanin wani aiki da aka yi mata watan jiya, Baba ya katse shi, ya ce bai tambayi tarihi ba. Kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska, fes take, ko warin fetur babu. Ya ce aƙalla wanda ya taɓa ta ya iya wanke-wanke.

A kujerar direba wata mata ce ta ɗora wani allo mai kama da babbar waya a cinya, sai latsawa take. Matar mai motar ce, in ji Baba a ransa, irin waɗanda ko a gidan gaisuwa sai sun duba waya.

"Hajiya, in kin gama zaɓen takalma, ɗan taka mana totur."

Ta taka. Ya ɗan murɗa sukurun kafiretar, ya kasa kunne. Ya ƙara. Tarin ya lafa, hayaƙin ya washe, injin ya koma gurnani mai daɗi. Makanikai suka taru. Baba ya goge hannu a tsumma, ya ce a aika wa ɗan kwamfutar kada ya wahalar da ƙafarsa.

Matar ta zare igiyar da ta haɗa allonta da ƙarƙashin sitiyari, ta fito, ta gaishe shi da ladabi.

Washegari ita ta karɓi bencin, domin ita ce mai kwamfutar da aka nemo, kuma da allonta ta saita injin. Tun watan jiya kwamfuta ke fesa wa injin mai, kafiretar don ado aka bar ta, kuma sukurun da Baba ya murɗa ba ya haɗe da komai.